Yadda ake shirya wa ma'aikatan tsara birni bitar da za ta yi aiki

Ranar da aka ɗora maka alhakin horar da ma'aikata a hukumar tsara birni, ko ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, abin da za a fara tambayarka shi ne wane otal, kwana nawa, mutum nawa. Ka nemi uzurin mako biyu kafin ka ba da amsa. Kada ka kama ɗakin taro, kada ka ba da kwangilar jaka da biro tukuna. Sauka ƙasa ka tafi rajista, wajen fayiloli.

Na daɗe ina aikin tsara gari a wata hukumar jiha a Arewa, kuma shekaru da dama a teburin horarwa na yi su. Na ga bita iri-iri, da wadda gwamnati ta biya da wadda ƙungiyoyin waje suka kawo. Duk wadda ta yi amfani a cikinsu, daga wata matsala takamaimiya ta taso, wadda kowa a ofis ya sani kuma ta ishe shi. Wadda aka ƙirƙiro don kada shekara ta ƙare ba a taɓa kuɗin horarwa ba kuwa, ranar Litinin kowa kan koma teburinsa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Fara da fayil

Ka roƙi mai kula da rajista a zaro maka fayil 30 na masu neman izinin gini na bara, da waɗanda aka gama da waɗanda suka maƙale. Kada ka zaɓa da kanka, kuma kada ka bari darakta ya zaɓa maka. Ku buɗe littafin shiga ku riƙa ɗaukar kowane na goma. Kowane fayil yana ɗauke da tarihinsa a shafukan da jami'ai ke rubuta wa juna bayani, su sa hannu da kwanan wata. Ka samu takarda mai layi, ka rubuta ranar da ya shigo, ranar da ya isa kowane tebur, da ranar da ya bar shi. Kafin ka kai rabi za ka ga teburin da takarda ke kwana a kai.

Daga nan ka je wajen mai teburin ka tambaye shi dalili, cikin raha, don in ya ji ƙamshin bincike ba zai faɗa maka gaskiya ba. Abin da za ka tarar ba ya wuce ɗayan uku: ko bai iya aikin ba, ko ya iya amma babu kayan yi, ko kuma ya iya, kayan na nan, amma akwai abin da ya sa ya fi son fayil ya zauna. Na farkon kaɗai bita ke magani. In takarda ta yi wata biyu tana jiran a je duba fili saboda motar sashen ba mai, ko farfesa goma ka ɗauko daga Zariya motar ba za ta tashi ba. In ana riƙe ta ne har mai ita ya zo ya yi gaisuwa, wannan maganar ladabtarwa ce, ka kai ta inda ake kai irinta. Amma in ka ga an mayar wa mai gini takardunsa sau uku saboda jami'in da ke dubawa ya kasa haɗa lambobin da ke kan zanen safiyo da taswirar unguwar, kuma kunya ta hana shi faɗa, to ka samu darasinka na farko.

Kada ka tsaya kan manya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ofis irin namu masinja da direba da masu rajista su ne ke ganin fuskar jama'a. Wata Hajiya da ta daɗe a tagar karɓar takardu ta taɓa ce min: "Yallaɓai, yawancin waɗanda nake mayarwa ba gardama ce ta kawo su ba. Kowane jami'i da jerin takardun da yake faɗa musu. Wannan ya ce kwafi uku, wancan ya ce huɗu." Abin da ya biyo baya zaman rabin yini ne a ofis, jami'an sashen suka amince da jeri guda, aka rubuta da Hausa da Turanci aka manna a tagar. Ko kwabo ba a kashe a otal ba.

Idan ka gano matsalar, ka rubuta manufar bitar a jimla ɗaya da za a iya dubawa da ido. Misali: bayan wata uku, kowane mai duba gini zai riƙa miƙa rahoto cikin kwana 3 da zuwansa fili, ɗauke da hoto, da lambobin wurin, da tazarar ginin daga titi da magudanar ruwa. In jimlar ta ƙi rubutuwa haka, ba ka gama aikin rajista ba, ka koma.

Wa zai je

Nan ne rigimar take. Bita a ma'aikatun gwamnati ta zama hanyar rabon alawus, kuma ban ga laifin ƙaramin ma'aikacin da ke ɗokin sunansa ya fito ba, albashi ba ya kai wata. Sai dai in ka bar jerin sunaye a hannun rabo, za ka tarar da akanta da jami'in mulki a ajin karanta taswira, mai duba ginin da ke yawo a rana yana ofis yana gadin tebur.

Dabarar da ta fi yi min aiki ita ce kada in nemi sunaye. Aikin nake rubutawa a takardar da ke zuwa wa darakta: muna son waɗanda littafin fita ya nuna sun je duba fili a wata ukun da suka wuce. Littafin yana nan, da sa hannun kowa, gardama ta ragu. Kuma kada ka ɗauki mutum ɗaya daga sashe. Wanda ya dawo shi kaɗai da sabon salo, abokan zamansa za su yi ta masa tsiya har ya bari. Ɗauki biyu ko uku, tare da wanda ke sa hannu a kan aikinsu. In shugaban sashe bai san sabon fom ba, ranar farko zai ce a koma wa tsohon.

Ka duba shekarun aiki. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Wanda saura masa shekara guda, tura shi koyon taswirar kwamfuta asara ce, amma barin sa a gefe ya fi asara. Shi ya san inda tsoffin turakun iyaka suke binne, ya san hanyar da aka tsara aka cinye, ya san filin da aka ware wa makaranta ya koma shaguna. Ka ba shi awa biyu ya koyar. Kano tana da tsohon tsarin gari na Trevallion, na 1963 zuwa 1983, Kaduna tana da na Max Lock na 1967, kuma akwai matasan jami'ai da yawa da a aji kawai suka ji sunayensu. In za a samu kwafi, a shimfiɗa shi a tebur, dattijon ya nuna da yatsa abin da aka zana da abin da ke ƙasa yau. Ban taɓa ganin an yi hamma a irin wannan zaman ba.

Mata ma'aikata sukan faɗo daga jeri ba tare da kowa ya cire su ba, da zarar an ce bita ta kwana biyar ce a wani gari. In a cikin gari aka yi, aka tashi kafin la'asar, za su zo. Manya kuwa, daraktoci da babban sakatare, ka yi musu nasu zaman daban na awa biyu ko uku. In suna aji, ƙananan ba za su yi tambaya ba, kowa sai "haka ne, ranka ya daɗe". Kuɗin mota a ba kowa daidai, a kuma riƙe wani kaso da satifiket sai an kawo aikin da aka bayar. Za a yi maka ƙorafi a karon farko, daga baya a saba.

Abin da za a koyar, da inda za a koyar da shi

Doka ce farko, domin a nan masu duba gini suka fi jin kunya a gaban jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da haƙƙin mallaka a yankin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a wajen birni. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, wadda kowa ya karanta a makaranta. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka malamin da ya zo ya kwashe yini yana karanta dokar tarayya bai taɓa ta jiharku ba, ya ɓata muku lokaci. A buga wa kowa dokar da ta kafa hukumarku da ƙa'idojin gininta, a sa kowa ya cike takardar dakatar da aiki da hannunsa, a musanya a gyara wa juna. Za ka sha mamakin yawan waɗanda suka iya shafa jan fenti a bango amma ba su san sashen da ya ba su ikon ba.

Sannan a yi gwajin magana, da Hausa, tunda da ita ake aikin a fili. Ka sa wani dattijo cikin direbobi ya zama mai gini, ya taso da zafi: "Malam, fili nawa ne, da gumina na saya, ga takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa." Jami'i ya yi masa bayani, ba tare da tsawa ba, cewa takardar ciniki daban, takardar shaidar mallaka ta gwamnati daban, izinin gini kuma daban. Wani ya zama birkila mai cewa "Oga ba ya nan, mu aiki aka sa mu." Me za a yi da takardar, wa za a ba, me za a rubuta a rahoto? Ana dariya sosai a wannan darasi, kuma shi mutane suka fi riƙewa.

Ragowar lokacin, fiye da rabinsa, a fita. Zaɓi unguwa ɗaya ta awon igiya a bakin gari, irin waɗanda ke ta tsirowa a yankin Kumbotso da Ungogo in a Kano kake. Ka riga kai gaisuwa wajen mai unguwa kwana biyu kafin ranar, ka faɗa masa karatu ya kawo ku, ba rusau ba, ka roƙe shi ya haɗa ku da wani yaronsa. In ka tsallake wannan, da mutane sun ga motar hukuma da masu tef ɗin awo, aikin ya tashi daga karatu ya koma ba da haƙuri.

Kafin a fita, a buɗe Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, a allo a ja madannin shekaru baya, su ga gonakin da suka zama fuloti, da kududdufin da aka yi ta cikewa da shara har aka ɗora masa fandisho. Kududdufan Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, su ke shanye ruwan sama, kuma in an cike ɗaya ruwan ba ya fasa zuwa, gidajen kusa yake shiga. A raba aji rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowane da layi biyu ko uku. Su auna faɗin hanya, su bi lambatu su ga inda ya ƙare, su ƙirga gine-ginen da suka ci hanya, su cike fom a waya. KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, yana aiki ko babu intanet, sai an dawo a tura. Da yamma kowane rukuni ya ɗora abin da ya samo a taswira ya kare shi a gaban sauran.

Akwai wani ƙaramin gwaji da ba na tsallakewa. Tsoffin zanen safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tushen da ake lissafa lambobin wuri daga gare shi, wayar hannu kuwa tana ba da lambobi a kan ma'aunin WGS84. Tsakanin su akwai bambancin mita gommai. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce kusan mita 15 da 30 ba, don haka wanda ya cakuɗa ma'aunan biyu zai iya ɗora filin mutum a tsakar gidan maƙwabcinsa, ko a tsallaken titi. Maimakon bayani a allo, ka kai su kan wani turken safiyo da aka san lambobinsa, kowa ya tsaya a kai ya karanta wayarsa. A koma kwamfuta a shigar da lambobin biyu ba tare da an sauya ma'auni ba, su ga ɗigo biyu sun rabu alhali ƙafarsu ba ta motsa ba. A nan kuma za su lura cewa wayoyinsu ma ba su yarda da juna ba, akwai saɓanin 'yan mitoci. Waya ta isa nuna inda gini yake a rahoto, amma tsayar da iyaka aikin safiyo ne da na'urarsa.

Malami da lokaci

Malaman sashen tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello, da Bayero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna da ilimin, amma kada ka bar malami ya zo da laccar da yake ba ɗalibansa. Ka aika masa kwafin fayil biyar, a rufe sunayen masu su, mako biyu kafin ranar, ka ce a kansu zai gina darasi. Ka haɗa shi da wani na cikin gida da ya san hanyar takarda a ofishinku. In ya ce ba shi da lokacin duba fayil, nemi wani. Kwasa-kwasan ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Badagry, da na ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, suna da amfaninsu wajen sha'anin mulki da shugabanci, haka bitar da NITP, ƙungiyar masu tsara birane ta ƙasa, da TOPREC, hukumar da ke yi musu rajista, ke shirya wa masu rajistar sana'a. Sai dai akasarin masu zuwa fili ƙananan jami'an fasaha ne masu difloma, waɗannan tarukan ba sa kaiwa gare su, kai ne za ka kai.

Ziyarar gani da ido ma haka. Abuja ta kafa AGIS, hukumar adana bayanan filaye a kwamfuta, tun 2003, Kaduna ta biyo da KADGIS, Kano tana da KANGIS, kuma kowa na son a kai shi ya gani. A je, amma kowa da tambayoyinsa a rubuce: yaya aka yi da tsoffin fayilolin takarda, wa ke da ikon canza bayani a kwamfuta, me ake yi in fili ɗaya ya fito da masu shi biyu. A nemi zama da masu aikin tebur, ba zagayen gini kawai ba.

Kwana biyar a jere ba ya zama a kai. Yi kwana biyu, a koma aiki mako biyu da wani abu takamaimai da kowa zai gwada a kan fayilolinsa, a dawo yini ɗaya da abin da ya ƙi. A wannan yinin ne ake koyon gaske, don tambayoyin daga tebur suka fito. Ka guji Juma'a, da yammacin azumi, da ƙarshen shekara. Darasin magudanan ruwa kuwa a sa shi cikin Yuli ko Agusta, a fita bayan an ɗauke ruwan sama, kowa ya ga inda ya kwanta.

Bayan an tashi

Kada ka koyar da abin da babu kayan yinsa a ofis. Na taɓa ganin wata ma'aikata da aka horar da jami'anta a kan manhajar taswira mai tsada, lasisinta ya ƙare bayan shekara, ba a sabunta ba, kwamfutocin suka koma na buga wasiƙa. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, kuma ta isa yawancin aikin da hukumar jiha ke yi. Kafin ranar buɗewa ka tabbata akwai kwamfuta aƙalla ɗaya mai lafiya a kowane sashe, da hanyar caji in an ɗauke wuta, da wanda alhakin adana bayanan ke wuyansa.

Sauyin wurin aiki shi ne ɗayan abin da ke cinye wahalarka. Ka gama horar da mutum, bayan wata biyu takarda ta fito an mayar da shi wani sashe. Ba ka da ikon hanawa, amma kana iya neman shugaban hukuma ya amince a rubuce, tun kafin a fara, cewa waɗanda aka horar za su zauna a kujerarsu na wani lokaci. Ka kuma sa kowane rukuni ya rubuta matakan aikinsa a shafi ɗaya, cikin harshe mai sauƙi, a manna a bangon sashen, ta yadda wanda ya gaji kujerar zai tarar da abin bi. Zauren WhatsApp na mahalarta yana taimakawa in malamin yana ciki yana amsawa, kuma in an hana turo abin da bai shafi aiki ba.

Wajen auna sakamako, wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya fitar da matakai huɗu tun 1959: ko mahalarta sun ji daɗin zaman, ko sun koyi abu, ko aikinsu ya canza, ko hukuma ta ga amfani. Yawancinmu a na farko muke tsayawa, fom ɗin nan da ake rabawa ana shirin tashi, kowa ya yaba abinci da malami. Ka raba shi in ana so, amma kada ka gina rahotonka a kansa. Bayan wata uku ka ɗauki sabbin fayil 30 ta hanyar da ka ɗauki na farko, ka sake ƙirga kwanakin, ka duba ko rahotannin duba fili suna ɗauke da abin da manufa ta ce. In ba a samu canji ba, ka rubuta haka, tare da dalili: ko shugaban sashe ne bai karɓi sabon fom ba, ko mai ne babu, ko darasin ne bai shiga ba. Shafi biyu sun isa, manya ba sa karanta fiye da haka.

Duk wannan bibiyar tana cin kuɗi, kuma a nan ake yawan makara. Man motar fita fili, data, bugun takardu, da yinin dawowa, duk ka sa su cikin takardar neman amincewa ɗaya da kuɗin malami da na abinci, kowanne da layinsa. In ka bari sai an rufe taro sannan ka rubuta neman su, akanta zai ce maka an riga an rufe wannan babin, ka jira kasafin baɗi.